Na daina karin kumallo amma ƙiba ta ƙi tafiya

Tambaya: Salam Likita, ni matar aure ce a Tudun Wada. Tun da na haifi autana ƙiba ta taso min, na daina karyawa, da rana lemo kawai nake sha, amma dare na yi sai yunwa kamar zan ci babu, sai na tashi da malmala biyu ta tuwo. Da farko na ɗan faɗa, yanzu komai ya dawo. Ko in sayi shayin rage tumbi?

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Shayin nan ki bar musu kayansu, yawancinsu zawo da fitsari suke sa mutum, ruwa ne ke fita ba kitse ba.

Yunwar daren nan ba kwaɗayi ba ne fa. Akwai wani sinadari da tumbi ke fitarwa, sunansa ghrelin, in ciki ya daɗe ba komai sai ya ƙaru ya je ya sanar da ƙwaƙwalwa a nemo abinci. Shi kuma kitsen jiki yana fitar da leptin, wanda sai 1994 ma aka gano shi, aikinsa ya ce akwai ajiya a kwantar da hankali. To kin ga da kika fara raguwa leptin ya yi ƙasa, ghrelin ya hau, jikin kuma ya rage ƙona abinci don shi a ganinsa fari aka shiga, shi ya sa kika wuni kina dannewa amma bayan isha'i ya karɓi bashinsa har da riba. Ƙarancin barci ma yana ƙara wannan yunwar, masu raba dare a waya ku ji.

Lemon ranan nan ya fi damuna. Roba ɗaya ta 50cl tana ɗauke da suga sama da ƙaramin cokali goma, kuma abin sha ba ya riƙe ciki kamar abin taunawa.

Ki dawo da karyawa. Alale ko dafaffen ƙwai biyu, da kunu mara suga sosai. Da rana wake ko kwaɗon zogale da ƙuli, irin waɗannan suna daɗewa a ciki. Tuwon dare malmala ɗaya, miya da ganye ta fi yawa, a rage man, kuma ki ci a hankali don sai an ɗauki kamar minti 20 kafin saƙon ƙoshi ya kai ƙwaƙwalwa.

Tafiya da sauri minti 30 sau biyar a sati ta cika minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke faɗa, ba sai kin je filin wasa na Murtala Square da ke Kaduna ba, zagayen unguwa bayan asuba ya wadatar. Kar ki sa ran sauke fiye da rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati. In kilo 90 gare ki, sauke 5 zuwa 9 kaɗai yana taimaka wa hawan jini da suga.

Ki leƙa asibiti a auna miki su biyun, in kina allurar tazarar haihuwa ko wani magani ki faɗa wa likita, wasu suna ƙara ƙiba.