Tambaya da amsa: su wa ke jan ragamar binciken buɗe jijiyar zuciya, kuma ina ɗalibin Yamai zai sa ƙafa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ɗalibi ne a fakilten lafiya na jami'ar Abdou Moumouni nan Yamai, ɗan Tawa ne, ina shekarar ƙarshe ina neman abin da zan yi tez a kai. Ina sha'awar aikin nan na zuciya da ake yi da bututu ba a buɗe ƙirji ba. Na shiga PubMed, rumbun takardun binciken lafiya na intanet, na ga takardu dubbai har kaina ya ɗaure. Wani yayanmu ya ce in duba kawai yawan ambato, wato sau nawa wasu masu bincike sunka ambaci takarda, da impak fakto na mujalla, duk wadda ta fi ita ce babba. Haka ne? Kuma ina binciken ya dosa yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'a. Yayan naku bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya ba ka, kuma rabin da ya bari shi ya fi shafar mutumin da zai yi aiki a Nijar.

Ka fara riƙe yadda fannin ya taso, don in ba ka san wannan ba takardun duk iri ɗaya za su yi maka. A 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura bututu ta jijiyar hannunsa shi da kansa har cikin zuciyarsa, ya je ya ɗauki hoto, a lokacin ba yabo ya samu ba faɗa ya sha, sai a 1956 anka ba shi kyautar Nobel tare da Cournand da Richards. Mason Sones a Cleveland ya buɗe hanyar ɗaukar hoton jijiyoyin da ke ciyar da zuciya a 1958. Amma ranar da kowa ke lissafi da ita ita ce 16 ga Satumba 1977, a Zurich, da Andreas Grüntzig ya hura ɗan balan-balan cikin jijiyar zuciyar mutum a farke ya buɗe ta. Rahoton farko da ya buga a Lancet a 1978 ɗan gajeren saƙo ne. Ka lura da wannan, abin da ya haifi fanni guda bai cika shafuka ba.

Daga nan kusan kowane zango na binciken gyaran ɓarnar zangon baya ne. Balan-balan na buɗe jijiya amma wajen kashi ɗaya cikin uku tana sake tsukewa cikin watanni. Sai istent ya zo, ɗan ragar ƙarfe, Jacques Puel a Tulus da Ulrich Sigwart a Lozan sunka fara sa shi a 1986, gwaje-gwaje biyu na 1994, BENESTENT da STRESS, sunka nuna ya fi balan-balan shi kaɗai. Shi ma nama na tsirowa cikinsa. Sai anka shafa masa magani, gwajin RAVEL na 2002 wanda Marie-Claude Morice ta jagoranta ya fito da sifili na sake tsukewa a wata 6, duniya ta ɗauka an gama. A 2006 a babban taron likitocin zuciya a Basalona anka tada hankalin kowa da cewa jini na iya daskarewa cikin istent ɗin bayan shekara ko fiye, shi ne anka shiga shekaru ana rubutu kan maganin hana jini daskarewa, wata nawa za a sha, guda biyu ko ɗaya, har yau ba a rufe wanga babi ba. An ma yi istent mai narkewa, Absorb, an cika mujallu da shi, a 2017 kamfanin ya daina sayarwa don sakamakon bai yi kyau ba. Takardun sa na nan da ambato mai yawa, amma ba wanda zai sa maka shi yau. Ka ga matsalar ƙirga ambato tun daga nan.

To ina aka dosa yanzu? Nauyin rubutu ya karkata daga jijiya zuwa ƙofofin zuciya. Alain Cribier a Ruwan ta Faransa ya dasa sabuwar ƙofar awot, wadda jini ke bi ya fita zuwa jiki, ta bututu ranar 16 ga Afrilu 2002, abin da ake kira TAVI. Gwajin PARTNER na 2010 kan tsofaffin da ba za a iya yi wa tiyata ba ya nuna mutuwa a shekara guda wajen 31 cikin 100 ga waɗanda anka yi wa, wajen 51 ga waɗanda ba a yi wa ba, bambancin da ba kasafai ake gani ba. A 2019 anka kai ga masu ƙaramin haɗari. Bayan shi sai ɗan maƙalin da ake sa wa ƙofar mitral mai yoyo, inda a 2018 gwaji biyu sunka fito da amsa mai karo da juna, COAPT na Amurka ya ce yana amfani, MITRA-FR na Faransa ya ce bai ƙara komai ba, kuma wallahi takardun da anka rubuta don sasanta su sun fi su yawa nesa. Yanzu kuma ƙofar tirikuspid ce ake yayi. Ta ɓangaren jijiya, abin da ke tafiya shi ne auna ƙarfin gudun jini kafin a sa istent, tun gwajin FAME na 2009, da ɗaukar hoto daga cikin jijiyar, da balan-balan mai magani wanda ba ya barin ƙarfe, da shiga ta wuyan hannu maimakon cinya, hanyar da Lucien Campeau ya fara a Montreyal a 1989 kuma yau ita ce ta farko a yawancin wurare.

Amma in ka tambaye ni takardun da sunka fi girgiza fannin, ni a ganina waɗanda sunka taka birki ne. COURAGE a 2007, mutum 2,287 masu ciwon ƙirji wanda ke zaune ba na gaggawa ba, ya nuna ƙara istent a kan magani mai kyau bai rage mutuwa ko bugun zuciya, wato toshewar jijiyar zuciya farat ɗaya, ba. ISCHEMIA a 2020 da mutum 5,179 ya zo da magana kusan iri ɗaya. Sai ORBITA a Landan a 2017, mutum 200 kacal, inda anka kai rabin marasa lafiya ɗakin aiki anka zura bututu anka fito ba a sa komai ba, su ba su sani ba, kuma bambancin juriyar motsa jiki bai kai a kafa hujja da shi ba. An yi ta faɗa a kai. Mutanen nan dai sun sake wani a 2023 ba tare da maganin ciwon ƙirji ba, a nan istent ya nuna yana rage ciwon. Wannan duk a ciwon da ke zaune ne fa, kar ka haɗa da bugun zuciya na gaggawa, can buɗe jijiya da wuri yana ceton rai, ba gardama.

Mu koma kan lambobin yayanku. Impak fakto, wanda Eugene Garfield ya ƙirƙiro, lissafi ne na mujalla ba na takarda ba, ana ɗaukar ambaton da takardun shekaru biyu na baya sunka samu a bana a raba da yawansu. Takarda biyar masu zafi na iya ɗaga mujalla duka alhali sauran ba mai karanta su. Shi kuwa h-indeks na Jorge Hirsch, 2005, na mutum ne, kuma yana son tsoho, yana son wanda sunansa ke cikin jerin marubuta 40 a kowane gwaji. Tun 2012 akwai sanarwar San Faransisko da masana sunka sa wa hannu cewa a daina auna mai bincike da makin mujalla, amma ka san mu, kwamitocin ƙarin girma har yanzu shi suke dubawa.

Akwai wani abu da ɗalibai ba su cika lura da shi ba. In ka jera takardun fannin nan bisa yawan ambato, a sama za ka tarar da takardun ƙa'idojin aiki na ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai da ta Amurka, da takardun ma'anar kalmomi, irin ta 2007 a Circulation da ta tsaida me ake nufi da daskarewar jini cikin istent. Ba su gano komai sabo ba, kowa dole ya ambace su ne don ya faɗi sikelin da ya yi awo da shi. Kamar mai awo ne a bakin kasuwar hatsi, kowa na bi ta gabansa, ba shi ya noma ba. Kuma ba ƙaramin iko ba ne, don wanda ya tsaida ma'ana yana iya juya sakamako. Rigimar gwajin EXCEL a 2019 ke nan, tsakanin likitocin tiyata da masu bututu kan jijiyar hagu babba, an yi ta ja kan yadda anka ƙirga bugun zuciya, har ƙungiyar likitocin tiyatar zuciya ta Turai ta janye goyon bayanta ga wancan sashe na ƙa'idar aiki ta Turai.

Sai kuɗi. Gwaji na mutum dubbai kamfanin da ke ƙera na'urar ne galibi ke biya, shi ya sa sunaye ƙalilan ke ta dawowa, Patrick Serruys wanda ya daɗe a Rotadam, Gregg Stone da Martin Leon a Niyok, shi ya sa kuma Amurka da Turai ta yamma ke sama, Japan da Koriya ta Kudu na biye, Sin na hawa da gudu. Manyan sakamako na fita a New England Journal of Medicine ko Lancet, sauran a mujallun fannin, EuroIntervention, JACC Cardiovascular Interventions, Circulation Cardiovascular Interventions, kuma ana daidaita fitarsu da manyan taruka irin EuroPCR na Paris da TCT na Amurka. Ban ce ƙarya suke ba, aiki ne mai kyau ƙwarai. Na ce dai tambayar da ake yi ita ce wadda akwai mai sayen amsarta. Tsoho ɗan shekara 80 a Jamus mai inshora kasuwa ne. Yarinya ƴar 19 daga ƙauyen Ader da ƙofar mitral ɗinta ta tsuke saboda ciwon maƙogwaron da ba a yi wa penisilin ba tana ƙarama, ba kasuwa ba ce, alhali akwai aikin bututu da zai taimake ta, balan-balan ɗin Kanji Inoue na Japan wanda anka buga tun 1984. Kwatanta yawan takardun TAVI da na wanga aiki cikin shekaru goma na baya a PubMed da kanka, za ka ga abin da nake faɗi.

Kuma kar ka ɗauka daga nahiyarmu ba a yin abin da ke da tasiri. THESUS-HF a 2012, mutum wajen 1,000 a ƙasashen Afirka 9, ya nuna gazawar zuciya a wurinmu hawan jini ne kan gaba, toshewar jijiya kaɗan ce, kuma marasa lafiyarmu sun fi na Turai ƙuruciya. REMEDY a 2015, na Liesl Zühlke da marigayi Bongani Mayosi, ya bi mutum 3,343 masu ciwon ƙofar zuciya na rumatis, wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaron nan, yawancinsu mata matasa, kuma kaɗan ƙwarai sunka samu aiki. CREOLE na Dike Ojji daga Abuja ya shiga New England a 2019 kan haɗin maganin hawan jini da ya fi dacewa da baƙar fata. Nan gida ma, aikin da Cénac da abokan aikinsa sunka yi a Yamai kan ciwon zuciyar masu jego da ƙarancin seleniyom, har yau duk mai rubutu kan ciwon sai ya ratsa ta kansa. Abin da ya riƙe su duka shi ne tattara bayanai mai tsabta da haƙurin bin marasa lafiya.

Saboda haka in ni ne kai, ba zan yi tez kan TAVI daga takardun wasu ba, juri zai gane kwafe ne. Zan tsaya kan abin da fannin ke dogara a kai wato lokaci. Ƙa'idar Turai ta ce in ba za a iya buɗe jijiya da bututu cikin minti 120 daga gano bugun zuciya ba, a ba da maganin narkar da jini tukuna sannan a tura. Daga Tawa zuwa Yamai fiye da kilomita 500 ne, ka ga minti 120 ba ma maganarsa. To mai ciwon ƙirji awa nawa yake yi kafin ya iso asibiti, ina ya fara biyawa, wurin mai magani ko famasi ko CSI, yaushe anka yi masa elektiro, awon wutar zuciya, na farko, ya samu maganin narkarwa ko bai samu ba, kuɗi ne ya hana ko babu ne, bayan wata guda yana raye? Ko ka ɗauki masu ƙofar mitral, ka duba da eko, sikan ɗin zuciya, nawa ne ƙofarsu ta dace da balan-balan. Waɗannan lambobi su ne minista ko mai ba da tallafi zai nema ranar da za a yanke shawarar inda za a sa kuɗi.

Wajen karatu, ka tambayi laburaren fakilte shigar Hinari, shirin hukumar lafiya ta duniya da ke buɗe mujallu ga ƙasashe irin namu tun 2002. Kowace takarda ka buɗe, kafin ka kalli ambatonta duba abu huɗu, su wa anka sa ciki kuma sun yi kama da naka, an raba su ta ƙuri'a ko likita ya zaɓa, me anka ƙirga mutuwa ce ko wani awo na hoto, sannan gangara ƙasa can inda anka rubuta wa ya biya.

Wajen bugawa kuma ka yi hattara da mujallun nan masu aiko imel suna yabonka suna cewa kwana 5 an buga, kuɗinka za su ci kuma ranar da ka kai dosiye CAMES, hukumar da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a, ba za ta amfane ka ba. Duba ko tana cikin PubMed ko Scopus. Cardiovascular Journal of Africa da Pan African Medical Journal wurare ne na ƙwarai ga aikin farko, ta biyun ma tana karɓar Faransanci. Manyan mujallu masu buɗaɗɗen karatu na iya neman fiye da miliyan guda na sefa, amma da yawa na yafe wa marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi in an roƙa tun wajen aikawa, ba bayan an karɓa ba. Ka samu malaminka na tez cikin makon nan ku tsara fom ɗin tattara bayanai da takardar neman izinin kwamitin ɗa'a, don izinin na ɗaukar lokaci kuma mujalla ta gari ba za ta karɓi aikin ba in babu shi.