Babur mai ƙafa huɗu: inda za a hau, inda za a kwana

Sanyi ya shigo, tambayoyin babur mai ƙafa huɗu kuma sun taru, yawancinsu daga waɗanda suka ga bidiyon wani yana tayar da ƙura a kan tudun rairayi suka ce su ma sai sun yi. Na ɗebo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa.

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari: Zan je Dubai sarin kaya a Janairu tare da 'ya'yana biyu, duk samari ne. Na ga tallar fita sahara mai araha, wai har da babur da kwana a tanti. In biya tun daga nan?

Amsa: Alhaji, lokacin dai ka dace da shi. Daga Nuwamba zuwa Maris ake jin daɗin saharar can. A Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 45, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. Amma dakata da biyan. Wannan arahar yawanci kuɗin mota ne da abincin dare. Za a ɗauke ku bayan azahar a Land Cruiser, a tsaya da ku a wani fili da aka kewaye, a ce ga babur nan amma kuɗinsa daban, ku yi minti 20 ko 30 kuna zagaye wuri ɗaya. In hawan gaske kuke so, ku nemi Lahbab mai jan rairayi, ko Al Badayer a yankin Sharjah, kan hanyar Dubai zuwa Hatta, wurin babban tudun nan da suke kira Big Red. A can ana haya da awa, kuma akwai sansanonin kwana a kusa. Ka sa su rubuta maka minti nawa ne, cikin shinge ne ko buɗaɗɗen fili da ɗan jagora, kwanan na cikin kuɗin ko sai an ƙara.

Ka kuma tambayi abin da ake yi a sansanin da dare. Da yawansu akwai kiɗa da rawar mata bayan abinci, wasu ana sayar da barasa, kuma mutum da 'ya'yansa gara ya sani tun bai zauna ba. Kar ka bar fasfonka jingina a hannun mai haya. Ɗauki bidiyon babur ɗin ta kowane gefe kafin a hau, don kada tsagewar da kuka tarar ta zama taku lokacin mayarwa. Samarin kuma ka ja musu kunne: tudun rairayi gefe ɗaya a kwance yake, ɗaya gefen gangare ne mai tsauri da ba a ganinsa sai an kai tsololuwa. A sassauta kafin a kai sama, a hau a miƙe, a sauka a miƙe. Mai ratsa tudu a karkace shi babur ke dannewa.

Tambaya, daga wani ango a Abuja: An ba mu zaɓi a Maroko, Agafay ko Merzouga. Wanne ya fi?

Amsa: Allah ya ba da zaman lafiya. Agafay bai kai tafiyar awa ɗaya daga Marrakesh ba, amma tsakuwa ce da duwatsu, babu tuddan rairayin da amarya ta gani a hoto. Waɗannan suna Merzouga, kusa da iyakar Aljeriya, wasunsu sun kai mita 150, sai dai tafiyar yini guda ce a mota ta tsaunukan Atlas. In ba ku da kwana uku na warewa, ku ɗauki Agafay kuna sane da abin da kuka saya. Ku tafi da rigunan sanyi na kirki, daren Disamba a can ba irin hunturun Abuja ba ne.

Tambaya, daga wani matashi a Kano: Ni da abokaina muna da babur biyu. Ina za mu samu wuri a nan gida mu hau, mu kwana a tanti? Wani ya ce Falgore.

Amsa: Ɗana, wanda ya ce Falgore ka tambaye shi ko shi ya taɓa kwana a ciki. Falgore, Kamuku, Rugu, duk ka cire su daga lissafi. Samari a kan babura da tanti a cikin daji, a wannan zamanin, ko 'yan bindiga ba su same ku ba, jami'an tsaro ko 'yan sa-kai na iya ɗaukarku a matsayinsu. An sha hana hawa babur gaba ɗaya a wasu ƙananan hukumomin Zamfara da Katsina saboda wannan.

Rairayin da kuke nema yana Yobe, a ƙaramar hukumar Yusufari, ta bayan Gashuwa: tuddan Tulo-Tulowa, da dausayoyin Bulatura masu dabino da kanwa. Amma kar ku tashi sai kun ji halin da hanya take ciki daga bakin ɗan garin a wannan makon, ba labarin bara ba. Ku tafi da ɗan jagora, da manku a jarka, da kayan faci, kar ku sa ran samun bakaniken irin injinku. Bulatura tana cikin gandun Chad Basin na gwamnatin tarayya, don haka sai da iznin ma'aikatansa. Tudun da kuka ga an dasa masa itatuwa ko an kafa masa shinge ku kewaye shi. Mutanen wurin rairayi ke cinye musu gonaki da gidaje, wannan dashen da shi suke tare shi, tayarku kuma a yini ɗaya za ta ɓata aikin shekaru.

In na kusa kuke so, akwai fili a kewayen madatsar Tiga bayan an kawar da amfanin gona. Ko'ina kuka je, ƙofar dagaci ko mai unguwa ce farkon zango. Ku gaishe shi, ku faɗi ko ku waye, ya nuna muku inda ba gonar kowa ba ce kuma ba burtali ba, don ƙarar injin na firgita shanu. Ku kafa tanti inda za ku riƙa jin kiran sallar garin. Masu zuwa wajen Jos su yi hattara da tsofaffin ramukan haƙar kuza: ruwan a kwance yake, zurfinsa ya wuce zato, bakinsu kuma na zaftarewa.

Tambaya, daga Bauchi: Zan iya shiga Yankari da babur ɗina in bi giwaye in ɗauki bidiyo?

Amsa: A'a. Yankari gandun dabbobi ne, a mota tare da ma'aikacin gandun ake zagayawa. Ka kama ɗaki a sansanin Wikki, ka yi wanka a ruwan ɗumin nan, ka bar babur a gida. Wanda kuma ya tambaya ko zai iya shiga jerin gwanon kai amarya da shi, amsarsa na ƙasa, inda na yi bayanin haɗarin hawansa a kan kwalta.

Tambaya, daga Kaduna: Na kashe maƙudan kuɗi a kan Yamaha. Hular kwano kuwa na ga ta araha a kasuwa, da tambarin DOT, alamar ingancin hula ta Amurka, a bayanta. Ai duk hula hula ce ko?

Amsa: Malam, wannan tambayar ita ke hana ni barci, don ba kai kaɗai ba ne. Mutum zai sayi injin miliyoyi, ya saya masa fitilu masu launi da lasifika, in aka zo kan abin da zai rufe ƙwaƙwalwarsa sai ya tuna da tattali. Tun Janairun 2009 muke cikin wannan hali. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano, an ga 'yan acaɓa da hular leburorin gini, wasu har da ƙwarya an ɗaura mata igiya. Daga nan muka ɗauki hula abin kauce wa jami'i, kasuwa kuma ta cika mana rumfuna da abin da muke nema: roba mai sheƙi wadda ba komai a cikinta.

Wannan babur ba kamar na acaɓa ba ne da za ka sa ƙafa ka tokare. Manyan sun haura kilo 250, in ya kife kanka yake komowa. Tambarin DOT da ka gani takarda ce mai gam, duk mai injin buga takardu zai yi maka dubu. Ka bar duban baya, ka juya hular ka duba ciki. Ɗaga yadin, ka danna da babban yatsa. Ta gaske tana da farin soso mai tauri, irin wanda ake kewaye sabuwar talabijin da shi a kwali amma ya fi shi ƙarfi, kaurinsa wajen santimita biyu da rabi. Shi ke murƙushewa ya shanye bugun. In yatsanka ya nutse cikin soson katifa ya taɓo roba, ajiye musu kayansu. Auna ta a hannu: mai rufe har haɓa tana kai kilo ɗaya da ɗoriya, jabu kuwa sakayau take. Kama gefunanta biyu ka matsa, in ta lanƙwashe ba hula ba ce. Ja igiyar haɓar da ƙarfi ka ga ko da ƙarfe aka kafe ta. Masu bin ƙa'idar Turai, ECE 22.05 ko sabuwar 22.06, alamarsu a ɗinke take a jikin igiyar: da'ira, da harafin E, da lamba. Ita ma ana kwaikwayonta, shi ya sa na ce yatsanka ya fi idonka.

Sannan ta zama daidai kanka. Ka ɗaure ta ka girgiza kai, in tana yawo ta yi maka yawa, kuma hular da ba a ɗaure ba tana riga mai ita isa ƙasa. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko da waje bai tsage ba, don soson ciki ba ya dawowa. Saboda haka ban yarda da hular gwanjo ba, ba wanda zai gaya maka tarihinta. Masu cewa ta gaske ta yi tsada su je su tambayi kuɗin hoton ƙwaƙwalwa guda ɗaya a asibiti, su dawo mu yi lissafi. In kuɗin bai kai ba, a jinkirta sayen babur. Masu haya a Dubai da Maroko su ma su yi wannan gwajin, in an miƙo muku mai tsagewa ku ce a canza. A haɗa da tabarau mai rufe ido, safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Babbar riga, rawani mai jela da mayafi mai ja a ƙasa ba su da wuri kusa da sarƙa da taya.

Tambaya, daga wata uwa a Zariya: Maigida ya saya wa ɗanmu mai shekara 12 irin wannan babur, babba. Yana ɗaukar ƙanwarsa suna fita titi. Gabana faɗuwa yake, an ce na cika tsoro.

Amsa: Hajiya, ba ki cika tsoro ba, Allah ya saka miki da alheri. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka shawararta ita ce kada wanda bai kai 16 ba ya tuƙa shi. Ana sarrafa shi ne da nauyin jiki, mai tuƙi ya karkata nan ya karkata can, yaro kuwa ba shi da nauyin. Doguwar kujerar don wannan motsin aka yi ta, ba don goyo ba. Kwalta kuma ta fi rairayi haɗari: tayoyin masu laushi ne, a da yawansu na bayan biyu tare suke juyawa, in aka sha kwana a kan kwalta sai su cije, babur ya ɗaga gefe ya kife. Ki nuna wa maigida wannan amsa cikin lalama, a lokacin da ba yaran a wurin. In ya ƙi sayarwa, a taƙaice makulli ya zauna a hannunki, ba titi, ba goyo, ba hawa sai da babba a tsaye.

Tambaya, daga Katsina: Sabon na China ko ɗan Kwatano?

Amsa: Sau nawa za ka hau a shekara? In sau biyu ne, ga kuɗin fetur yadda ka sani, ga motar da za ta ɗauke shi, gara ka ajiye kuɗinka. In har sai ka saya, ƙananan na China masu injin 125 zuwa 250 dangin baburanmu ne, bakaniken unguwa zai iya taɓawa. Manyan Honda, Yamaha da Polaris sun fi ƙarko, amma ƙaramin abu ya lalace sai an yi oda daga waje. A ɗan Kwatano ka leƙa ƙasa ka nemi sabuwar walda a jikin ƙarfe, ka ɗaga gaba ka girgiza taya, ka zaro ma'aunin baƙin mai: in ya yi fari-fari ruwa ya shiga injin. Ka karɓi takardun kwastan. Tsohon mai ƙafa uku ko nawa ne kar ka saya, tun 1988 aka daina sayar da sababbinsa a Amurka saboda yawan kifewa. Kuma ka tsaya a kan mai faci, iskar tayar kaɗan ce, wajen 5 a ma'auni, shi kuwa hannunsa ya saba da ta mota.

Tambaya, daga Gashuwa: Sanyi na damunmu a tanti. In mun shiga da kurfoti muka zuge ƙofa fa?

Amsa: Subhanallahi, kar ku kuskura. Gawayi na fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci zai zarce. Haka janareta, a kai shi nesa, bakin salansa na kallon inda iska ke tafiya. Ku ji ɗumin a waje, ku kashe wutar da rairayi, ku shiga da bargo biyu da tabarma mai kauri a ƙasa, don ta ƙasa sanyi ke shiga jiki. Kar ku kafa tanti a busasshiyar ƙorama ko a gindin tudu inda wani mai babur zai gangaro muku da dare. Ruwan sha lita biyar ga kowa a yini, ban da na alwala da girki. Da asuba a kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa, saboda kunama.