Laburare, Maktaba ko Ɗakin Karatu?

Wata malama da ke aiki a laburaren wata kwalejin ilimi ta rubuto: "Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu kwalejinmu ta tura taron shekara-shekara na ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Nijeriya. Da muka dawo aka ce mu yi bayani da Hausa a gidan rediyo, sai gardama ta kaure tsakaninmu. Laburare za mu ce, ko ɗakin karatu, ko maktaba? Kuma shi taron, me ya kamata mu kira shi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Sannunku da dawowa. Duka ukun ana faɗa, amma kowace da inda take zama.

Laburare daga Turanci muka aro ta, kuma ta daɗe da zama 'yar gida. Harshen Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu a cunkushe a farkon gaɓa, shi ya sa ya kan soka wasali a tsakani, kamar yadda ya yi wa burodi da buroshi. Ƙarshenta kuwa ya bi sahun firamare da sakandare da sakatare. Kalmar da ta sha irin wannan gyara ba baƙuwa ba ce kuma.

Ɗakin karatu Hausa ce, sai dai tana da wuyar sha'ani. Ki ce wa dattijo "ina aiki a ɗakin karatu", zai ɗauka aji kike koyarwa. Wani kuma zai ɗauka ɗakin da maigida ya keɓe ne a gidansa. Maktaba Larabci ce, kuma ko a can takan nufi kantin sayar da littattafai, abin da kike gani ke nan a allunan shagunan littattafan addini. Wani abin sha'awa: maktaba da littafi 'yan uwa ne na jini. Littafi daga al-kitab ya fito, Bahaushe ya haɗiye "a" ɗin "al" ya bar "l" manne da kalmar, yadda al-imam ya zama liman, al-afiya ta zama lafiya, al-akhira ta zama lahira.

In ni ne a gaban makirufo, laburare zan ce, in ƙara da "wato inda ake adana littattafai don karatu da aro" sau ɗaya, in wuce.

Batun taron kuwa, Hausa ta riga ta yi muku ɗinki daidai wuya: taron ƙara wa juna sani. Ki lura da "juna". Ita ta raba shi da bita, inda masani ɗaya ke tsaye sauran suna ɗaukar darasi. A taron ƙara wa juna sani kowa malami ne, kowa ɗalibi. Wanda ya je hannu rabbana ya zauna ya yi shiru har aka tashi, bita ya halarta ko da me aka rubuta a takardar gayyata. Ƙungiyar taku da aka kafa a 1962, bayan ta fito daga cikin ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1954, don wannan "juna" ɗin aka yi ta. Haka ma uwar ƙungiyoyin ta duniya, IFLA, wadda ta fara a 1927. Abin da mutum ya karanta a wurin kuma ki kira shi maƙala ko takarda. Ana cewa ƙasida, ba na hana kowa, amma a Larabci ƙasida waƙa ce, kuma ban cika ganin mai gabatarwa yana rerawa ba.

Tambaya ta biyu daga wani malami ce a wata kwalejin kimiyya da fasaha. Ya ce yana shirin tafiya irin wannan taro, wani abokin aikinsa ya ce masa, "Taron tsintsiya ne, ba shara." Yana son ma'anar, da kuma abin da zai mayar masa.

Malam, an yi maka habaici ne. Tsintsiya sili-sili ce aka tara aka ɗaure, kuma ba a ɗaure ta don ado ba. Idan an tara ta, tsakar gida kuma tana nan da dattinta, an yi taro ba a yi aiki ba. Bahaushe yana faɗar haka ga jama'a masu yawa da ba sa tsinana komai. Abokin naka yana nufin za ku je ku karɓi jaka da biro, ku yi hoto, ku dawo.

Kana da abin mayarwa: tafiya mabuɗin ilimi, gani ya kori ji, zuwa da kai ya fi aike. Sai dai karin magana ba ta raba gardama, don shi ma yana da wata a aljihu. Abin da zai rufe masa baki shi ne sharar. Ga wata da ta dame ni a matsayina na mai yawan shiga laburare. Da yawa daga masu shigar da sunayen littattafan Hausa a kwamfuta ba sa sa lanƙwasa, sai ƙ da ɗ da ɓ su koma k da d da b. Ƙasa ta zama kasa, ƙafa ta zama kafa. Mai nema ya rubuta daidai, na'ura ta ce babu, alhali littafin yana kan kanta. Ga kuma rubuce-rubucen ajami da ke kwance cikin gafaka da adaka a gidajen malamai, waɗanda tsarin Dewey na rarraba littattafai a laburare, na 1876, bai san da zamansu ba lokacin da aka ƙirƙiro shi. Ka tayar da ɗaya daga cikin waɗannan a zauren, ka dawo da matsaya, ka ga ko zai sake ambaton tsintsiya.

Ta ƙarshe gajera ce. Wata ɗaliba ta ga an liƙa sanarwa a ƙofar laburarensu: "Sashen rancen littattafai". Daidai ne?

Ba daidai ba ne, 'yata. Rance shi ne ki karɓi abu ki kashe ko ki cinye, ki biya da makamancinsa, kamar kuɗi ko kwanon gero. Aro kuwa abin da kika karɓa shi ɗin za ki mayar: tabarma, tsani, littafi. Shi ya sa ake cewa zanen aro ba ya rufe katara, don mai shi na iya zuwa kowane lokaci. Ki gaya musu cikin ladabi su gyara ya zama "Sashen aron littattafai", kada wani ya ɗauki ƙamusun Bargery na 1934 ya dawo musu da wani littafin mai kauri ɗaya ya ce ya biya.