Kafin ka ɗaga silin, ka dubi gindin bango

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce wani mai gida a Samaru yana da ƙudan zuma a cikin silin ɗakin iyalinsa, yana so a kwashe su kafin Juma'a, kana tambaya ko za ka iya zuwa kai kaɗai, da kuma yadda za ka gane cewa sarauniya ta shiga akwati. Da farko ban yi niyyar amsawa ba, domin wanda ya shekara 2 yana riƙe mini tsani bai kamata ya yi tambaya ta biyun ba. Maganar "kafin Juma'a" ce ta sa na ɗauki alƙalami, saboda gaggawar mai gida ta taɓa jawo mini asarar da har yau ban huce ba.

Ba zan ɓata bakina a kan riga da raga da hayaƙin busasshen kashin shanu ba, ko a kan cewa bayan magariba ake aikin, da tocilar da aka lulluɓe da jan ƙyalle, bayan an kwance awakin maƙwabta an kai su nesa. Wanda bai san waɗannan ba ya nemi wata sana'a.

Shekara 11 da suka wuce, a lokacin marka, wani attajiri a nan Zariya ya aiko mini da mota. Zai aurar da 'yarsa saura kwana 3, ga ƙudan sun shekara da shekaru tsakanin kwano da silin ɗakin baƙi. Muka yi ciniki, ya ba ni rabi kafin alƙalami, ciko sai an gama, ƙudan da saƙarsu kuma nawa ne. Sau uku na tambaye shi ko an fesa musu wani abu, sau uku yana rantsuwa cewa ba wanda ya kusance su. Na lura an share gindin bangon tas an zuba sabon yashi, sai na ɗauka gyaran biki ne.

Da muka ɗaga silin na ƙirga saƙa 14, wasu sun yi baƙi ƙirin don tsufa, mafi tsawonsu ta kai daga yatsana zuwa kafaɗa. Ƙudan ba su taso mana ba, suna dai rarrafe a hankali, ni kuwa har murna na yi wai na sami masu sanyin hali, alhali na fi kowa sanin cewa ƙudan ƙasarmu ba su da sanyi idan an taɓa 'ya'yansu. Na yanke saƙar 'ya'ya na ɗaure a sandunan akwati da zare, na sami sarauniya na sa ta a kwalin ashana mai huji, saƙar zuma kuma na cika bokiti 3 da ita. A daren na kai su gonata ta hanyar Giwa, na ajiye su a tsakiyar akwatuna 9 da na shekara 7 ina tarawa. Da yake ruwan marka yana hana ƙudan fita kiwo, suna ta cinye ajiyarsu, sai na ji tausayinsu na buɗe musu bokitin ɓaraguzan saƙa a gindin kaɗanya don su lashe. Wannan kuskuren nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

Kwana 3 bayan haka na tarar da ƙasa ta rufe da matattun ƙudan a bakin kowane akwati, harsunansu a waje, waɗanda ke da sauran rai suna juyi a rigingine suna karkarwa. Akwati 6 suka mutu ƙurmus, har da na Alhajin, sauran kuma suka rame, ba su ba ni ko cokali ba a shekarar. Katakon sai da na kankare na babbake cikinsa, kakin kuwa na zubar, domin kaki yana riƙe guba. Zumar bokiti 2 na haƙa rami na binne, ina gode wa Allah da ban kai ta kasuwa ba, ban kuma ba 'ya'yana ba.

Maigadin gidan ne ya gaya mini gaskiya daga baya. Kwana 2 kafin a kira ni an fesa musu fiya-fiya, an kuma ɗura garin maganin ƙwari irin na ajiyar hatsi ta ramin da suke shiga, aka share matattu aka rufe wurin da yashi. Sai da maganin ya kasa gamawa da su aka tuna da ni. Da na je karɓar ciko, mutumin nan ya dubi idona ya ce aikina bai yi ba, ga ƙudan nan suna shawagi a ramin. Suna shawagi mana, tunda ya hana kuɗin kafinta da zai toshe wurin, ƙamshin tsohon kaki kuwa daga nesa yake kiran ƙudan, shi ya sa ake kankare shi tas a like kowace kafa. Na kai ƙara wurin mai unguwa, aka ba ni haƙuri, shi kuma aka raka shi har mota.

Saboda haka ka fara zuwa Samaru da hantsi, ba akwati ba wuƙa. Ka dubi gindin bango, ka sunsuna bakin ramin, ka tsaya ka ga ko masu dawowa suna ɗauke da garin fure a ƙafafunsu, domin alamar ana ciyar da 'ya'ya ke nan. Ka tambayi yaran gida da maigadi, su ba su san abin da ake ɓoyewa ba. Ko komai ya yi kyau, ƙudan da aka ciro daga gidan mutane ba sa shiga cikin akwatunana sai sun yi wata guda a keɓe na ga sun rufe sababbin 'ya'ya, kuma wurin ya wuce kilomita 3 daga gidan da aka ciro su, in ba haka ba masu kiwo za su koma tsohon raminsu. Kuɗi kuwa a biya duka, da na kafinta, kafin a jingina tsani.

Sarauniya, wadda tsofaffinmu ke kira sarki, ba sai ka gan ta da ido ba. Idan tana cikin akwati za ka ga ma'aikata sun tsaya a ƙofa sun ɗaga gindi suna kaɗa fikafikai, sauran suna kwarara ciki kamar an kira salla. Idan babu ita za su yi ta ruri suna watsuwa a bango. Ko ta ɓace, muddin akwai ƙwai a saƙar da ka ɗaure za su iya rainon wata, kwana 16 ne daga ƙwai zuwa fitowarta. Da kuna kallon ƙofar akwati kamar yadda kuke kallon waya da ba ka tambaye ni wannan ba, amma ku yaran yanzu burinku a ɗauke ku bidiyo da ƙudan a tafin hannu a sa a Facebook. Gungun da ya sauka a reshen mangwaro yana hutawa ba shi da 'ya'ya ko ajiyar da zai kare, ko yaro zai kakkaɓe shi a kwali, sai ku ɗauka na cikin silin ma haka yake.

Ba za ka je kai kaɗai ba. Gobe ka duba gidan ka zo ka gaya mini abin da ka gani a ƙasa, ka kuma shaida wa mai gidan cewa ni zan sa rana. Idan ya ce lallai sai kafin Juma'a, ka yi masa sallama ka dawo.