Amsa ga ƙanenmu da ya sayi DAF: yadda nake raba kuɗin mota da nawa

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na karanta tambayarka sau biyu, kuma kaina na gani a cikinta. Ka ce shekara tara kana tuƙa wa ubangidanka, bana Allah Ya hore maka ka sayi babbar motar ɗaukar kaya ƙirar DAF ta hannu, wata shida ke nan mota ba ta huta ba, amma in ka leƙa asusu ba ka ganin abin kirki. Kana son sanin yadda ake gane riba, da nawa ya kamata ka riƙa ɗauka a matsayin naka. Allah Ya sanya alheri, Ya tsare hanya. Ni ma daga yaron mota na fara a nan Katsina, kuma wannan ramin da kake bakinsa na taɓa faɗawa ciki har wuya.

Lokacin da kake ƙarƙashin ubangidanka, mutum biyu ne ke cin abinci a jikin motar nan: shi da kai. Kai kana karɓar albashi da kuɗin hanya, shi yana karɓar saura, kuma duk ranar da taya ta fashe ko giya ta ƙi shiga, shi ake kira. Yanzu da ka sayi taka, waɗannan mutum biyun suna nan, sai dai riga ɗaya suka sa. Direban cikinka yana son ya ci yau, mai motar cikinka yana da bashin gobe a kansa. In aljihu ɗaya kake zuba musu, direban ne zai cinye kullum, domin shi ne ke kusa da mai tsire.

Shekarata ta farko haka na yi. Ina ɗauko masara daga Funtuwa da Dandume zuwa Legas, in dawo da abin da ya samu. Duk dawowa sai in ga kuɗi jibge, in ce riba ce. Na zuba bulo a filina, na yi hidimar bikin ƙanwata ba tare da na dubi fuskar kowa ba, 'yan uwa suna ta cewa ai wane ya samu. Ashe kallon kitse nake wa rogo. Wata goma sha ɗaya da sayen motar, inji ya buga tsakanin Makwa da Jaba, da buhunan mutane a baya. Kwana tara na yi a gefen titi, ni da yarona muna kwana ƙarƙashin mota, muna jiƙa garin kwaki. Bakanike ya faɗi kuɗi, na laluba ko'ina ban haɗa rabi ba. Filin nan da na fara ɗora wa bulo, shi na sayar a wulaƙance. Abin da nake kira riba duk watannin nan, injin ne nake ci da kaɗan-kaɗan ban sani ba.

Bayan nan na sayi littafi irin na 'yan makaranta, na ɗaure masa biro da zare, yana zaune a aljihun gaban mota har yau. Kowace tafiya shafi biyu, hagu abin da ya shigo, dama abin da ya fita. Kuma tafiya a wurina zuwa da dawowa ce, daga ranar da na bar Katsina zuwa ranar da na sake shigowa. Kada ka lissafa zuwa kawai ka yi murna, domin Legas ta fi kilomita dubu daga nan, in ka dawo wayam gas ɗin dawowar daga kuɗin zuwan zai fita. Ina rubuta kwanakin ma. Tafiyar da ta bar maka dubu ɗari tara cikin kwana takwas, da wadda ta bar maka dubu ɗari tara amma ka yi sati biyu a gareji kana jiran lodi, ba ɗaya suke ba.

A shafin dama ba na raina komai. Kamasho, kuɗin ƙungiya a tasha, 'yan dako, rasit ɗin hanya, abin da aka miƙa a shingaye, fakanaiza, abincina da na yaro, sallamar yaro, cajin mai POS, har katin waya. Ƙananan nan su ne ɓeraye, ba ka jin fitarsu sai ka tara su a ƙarshen wata ka riƙe baki. Ka rubuta nan take kafin ka tada mota. Wanda ya ce sai ya isa gida zai tuna, ya riga ya manta rabi.

Gas kuwa, kada ka tsaya ga naira kawai, ka rubuta lita. Farashi ba ya zama wuri ɗaya. Ka tuna 2022, bayan an fara yaƙin Rasha da Yukiren, yadda gas ya ninka ya wuce cikin 'yan watanni, alhali masu kaya suna nan a tsohon kuɗin dako. Lita ce ke gaya maka gaskiyar mota. Ni na san abin da tawa ke sha daga Funtuwa zuwa Legas da cikakken lodi. Ranar da na ga ta ƙara ba dalili, na san ɗayan uku ne: nozul na neman gyara, ko wani gidan mai ya yi mini ƙwange, ko wani ya yi wa tanki tiyo da dare. Sau ɗaya na kama na ukun, kuma littafin nan ne ya tona.

To, abin da ya rage bayan kuɗin hanya shi ne mutane ke kira riba, kuma nan ne ake yanka kai. Bari in ba ka misali da lambobi masu sauƙi, kai ka sa naka. A ce zuwa da dawowa an biya ka 3,000,000, hanya ta ci 2,100,000, saura 900,000. Da farko na biya direba, wato ni: 150,000. Yadda nake yanke wannan ba wuya, abin da zan biya wani direban kirki in da shi na ba motar, shi nake ba kaina, ba ƙari. Sannan asusun gyara, 300,000. Takardu da inshora, in an raba na shekara a kan yawan tafiye-tafiye, a ce 30,000. Sai kuɗin maye gurbin motar kanta, 250,000. Abin da ya tsira 170,000 ne. Wannan ita ce riba, kuma wata tafiyar ko ita ba za ka gani ba.

Asusun gyaran nan ba da ka nake yanke shi ba. Tawa taya 18 ce. Na san kuɗin taya ɗaya, na san tafiya nawa take yi mini kafin ta zama sanƙo, sai in raba. Haka juye, haka birki, kuloci, batir, sifirin da tamfol. Taya tana cinyewa a kowace tafiya ko ba ta fashe ba, kawai ba ta aiko maka da takardar bashi sai ranar da ta ga dama. Kuma ka riƙa sabunta lissafin, domin tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi. Wanda ke ware kuɗin taya da tsohon farashi, yaudarar kansa yake yi.

Kuɗin maye gurbi shi ne mafi wuyar ajiyewa, don ba ka ganin wanda ke bin ka. Amma DAF ɗin nan da ka saya ta riga ta yi rayuwa a Turai kafin ta zo hannunka. Ka ƙiyasta shekara nawa za ta ƙara yi maka, ka cire abin da za a saye ta a lokacin daga kuɗin da ka saye ta, saura ka raba a kan tafiye-tafiyen waɗannan shekarun. Ni ba na barin wannan kuɗin a naira ya daɗe, ina sayen taya in ajiye, ko in sa a tumaki a ƙauyenmu. Kowa da dabararsa.

Asusun banki biyu gare ni. Na mota, katinsa yana gida cikin akwati. Nawa, shi ne cefane, kuɗin makaranta, suna da biki, da ɗan uwan da ya zo da lalura. In albashin wata ya ƙare, ya ƙare. Uwargida ta yi fushi a farko, tana ganin rowa na koya, yanzu ita ke tuna mini in na manta ban zuba na mota ba. In dole ta sa na taɓa, ina rubutawa bashi ne, in biya.

Balas ɗin da ba a ba ka ba kuma, kada ka sa shi a shafin hagu. Ina da shafi dabam a bayan littafi na masu cewa sai an sayar da kaya. Wani ɗan kasuwa ya riƙe mini cikon kuɗi wata huɗu, daga ƙarshe ya zabge wani abu wai buhu uku sun jiƙe. Tun ranar nake ƙirga buhu da kaina wajen lodi, in ɗauki hoton takarda da waya.

Ka kuma tanadi na zaman dole. Da aka rufe boda a Agustan 2019, abokanmu masu bin Jibiya zuwa Maraɗi da masu Mai'aduwa sun fi shekara suna kame-kame, aka kuma sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar a 2023. Mota tana tsaye, amma takardu na ƙarewa, gida na ci. Ni ina ƙoƙarin kada asusun mota ya gaza abin da zai riƙe mu wata biyu.

Ka zauna daren nan ka tuno tafiyoyinka uku na ƙarshe, ka rubuta su yadda na faɗa, har da kwanaki da lita. In ka ga dama ka turo lambobin mu duba tare. Jibi zan ɗauki lodi a Dawanau, in ka ji shiru ina hanya ne.