Wai me ya sa sarakunan Turai ba sa dariya a hoton zane?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan cin karo da hotunan sarakunan Turai na da waɗanda aka zana da fenti, kowa ya sha kunu ya ɗage kai kamar an masa laifi, ga kaya jibgi guda. Wai meye sirrin, ko dama haka fuskokinsu suke?
Daga wani ɗalibi a Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana. Shan kunun nan da gangan ne, a wancan zamanin washe baki a zane na mashaya ne da wawaye, mai daraja bakinsa a rufe yake. Kuma gaskiya fuskar ba ita aka fi damuwa da ita ba, kaya ne da tsayuwa suke magana.

Ka nemi hoton Sarkin Faransa Louis na 14 wanda Hyacinthe Rigaud ya zana a 1701, yana nan a gidan tarihi na Louvre a Paris. Tsawonsa kusan mita 3 ne, wato dole ka ɗaga kai kafin ka kalli sarki. Ya yafa wata katuwar alkyabba shuɗiya mai furannin zinariya, tambarin gidan sarautarsu, cikinta farin gashin wata dabba mai tsada, ga takobi a ƙugu ga gashin kanti har kafaɗa ga takalmi mai jar dunduniya irin na 'yan fada. Ni abin da ya fi burge ni shi ne kambun sarautar ma bai sa a kai ba, yana gefe an ajiye kan matashi, sandar mulkin kuwa juya ta yayi ya dogara da ita kamar sandar yawo, wai shi ya wuce a yi masa shaida da su.

To ga abin dariyar, lokacin sarkin ya haura shekara 60, haƙoransa na sama ma tuni sun zube, amma mai zanen sai ya ba shi ƙafafu sumul kamar na saurayi, dama da ƙuruciyarsa gwanin rawa ne. Wa zai zana sarki yadda yake, bayan shi zai biya kuɗin?

Asali jikansa Philip na 5, Sarkin Sifen, aka yi wa hoton, da aka ga ya yi kyau sai aka hana shi aka bar shi a fadar Versailles. In sarki ba ya nan hoton ke tsaya masa a ɗakin karaga, kuma laifi ne bafade ya juya wa hoton baya.