Tambayoyin matan da suka kuɓuto daga yankunan da 'yan tada ƙayar baya ke iko

Tambaya: Likita, an yi wa ƙanwata fyaɗe kafin mu gudo. Me za mu yi?

Amsa: A kai ta asibiti yau ɗin nan. Maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Ko lokacin ya wuce ku je, a yi gwaji, a maimaita bayan wata 3.

Tambaya: Shekara biyu muna kulle, ko ƙofa ba ma leƙawa. Yanzu ƙasusuwana ke ciwo.

Amsa: Baiwar Allah, wataƙila ƙarancin bitamin D ne saboda rashin rana. Ki je a duba jininki.

Tambaya: An aurar da 'yata ga ɗaya daga cikinsu tana shekara 14. Ta kwana uku tana naƙuda, suka hana a fita da ita, jaririn bai zo da rai ba. Yanzu fitsari ke bin ƙafarta. Ana cewa alhaki ne, ta rage shan ruwa, ta riƙa cusa kanwa da sassaƙe.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri. Wannan yoyon fitsari ne, kuma ba ta da alhakin kowa. Idan naƙuda ta daɗe, kan jariri yakan danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu har jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, rami ya buɗe. Ƙugun yarinya bai gama girma ba, ga shi an hana ta ungozoma. Laifin na waɗanda suka tsare hanya ne.

Ita kuwa kanwa, don girman Allah a daina! Ƙona wurin take yi, ta bar tabo mai tauri da ke wahalar da mu wajen ɗinki. Rage ruwa ma kuskure ne: fitsarin zai yi kauri, warin ya ƙaru, cinyoyi su saɓule. Ta sha ruwa sosai, ta riƙa shafa man Vaseline a fatar.

Idan haihuwar ba ta daɗe ba, ƙaramin rami kan iya rufewa da robar fitsari ta 'yan makonni. In ba haka ba, tiyata na gyara mafi yawansu. Ku kai ta asibiti, kada ku jira. Kuma duk cikin da za ta yi nan gaba, a asibiti za ta haihu.

Tambaya: Ƙarar babur na sa ni karkarwa, barci sai firgita. Aljanu ne?

Amsa: A'a, tabon abin da kika gani ne, kuma yana da magani. Ki ga likitan ƙwaƙwalwa. In tunanin kashe kanki ya zo miki, ki faɗa wa wani nan take, a raka ki asibiti.